Manhajojin Cushe: Wa Ya Gayyace Su Cikin Kwamfutocinmu?

Duk ɗalibin da ya kai aji uku a jami'a ya san cewa lokacin neman kwamfuta ya yi, domin kundin kammala digiri ba ya rubutuwa a kan waya, kuma abin da masu buga takardu na bakin ƙofa ke karɓa a kan kowane shafi ya isa ya sa mutum ya sake lissafi. A wajenmu 'yan kudancin Kaduna, sau da yawa kuɗin wannan kwamfuta daga gona yake fitowa. A sayar da buhunan citta a Kachia ko Kwoi, a haɗa da kwasar adashin uwa, sannan a saya a cikin Kafanchan ko a aika wani ɗan'uwa Kaduna ko Jos ko Abuja. To amma ranar da aka kunna ta, sai a tarar tuni wasu baƙi sun riga mai ita shiga. Ga wasannin da ba a nema ba, ga rigakafin bairos da ke ƙirga kwanaki yana neman kuɗi, ga wasu tambura birjik a kan fuskar kwamfutar waɗanda mai ita bai san aikinsu ba. A kan waɗannan baƙi nake so mu ɗan tattauna, 'yan'uwana ɗalibai, saboda a nawa ganin mun daɗe muna ɗaukar zamansu a matsayin alheri, alhali kuwa mu ne ke biyan kuɗin cinsu da shansu.

Da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da suna. Turawa sun laƙaba wa irin waɗannan manhajoji suna mai ma'anar kumburi, wato abin da ke sa na'ura ta kumbura ta yi nauyi. Wani abokin karatuna ya ce mu kira su "gyara", kamar yadda mai tumatir ke ƙara wa mai saye biyu ko uku bayan an gama ciniki. Ban yarda da wannan ba. Gyara daga aljihun mai kaya take fita, kuma idan ba ka so kana iya ba yaron da ke kusa da kai. Kalmar da ta fi dacewa ita ce cushe, domin Bahaushe ya san auren cushe, ya kuma san yadda ake cusa wa mutum abin da bai nema ba. Saboda haka a wannan rubutu zan kira su manhajojin cushe, kuma ina fata malamanmu masu nazarin ƙirƙirar kalmomi za su duba ko sunan ya zauna.

Wane ne ke biya?

Abin tambaya na farko shi ne, me ya sa kamfanin da ya ƙera kwamfuta zai wahalar da kansa wajen zuba mata abin da ba a nema ba? Amsar ita ce kuɗi. Ribar da ake samu a kan kwamfuta mai araha ba ta da yawa, saboda haka masu manhajoji kan biya mai ƙerawa domin ya ba su wurin zama tun daga masana'anta. Mai rigakafin bairos ya san cewa idan ya ba ka kwana 30 kyauta, sannan ya fara tsoratar da kai da jan rubutu, wasu daga cikin masu saye za su biya. Mai wasa ya san cewa idan tambarinsa na gabanka kullum, wata rana za ka taɓa. Ke nan an sayar maka da kwamfuta, an kuma sayar wa wani da idonka da lokacinka.

Wani abu da ya faru a shekarar 2008 ya fito da wannan lissafi fili. Kamfanin Sony ya sanar da cewa duk mai son wasu kwamfutocinsa na Vaio ba tare da cushe ba, sai ya ƙara kusan dala 50. Wato ka biya kuɗi domin a ƙyale ka! Surutun jama'a ya sa kamfanin ya janye kuɗin nan take, amma ya riga ya nuna wa duniya cewa cushen nan yana da farashi. Shi ma Microsoft, mai Windows, bai tsira ba, domin a 2015 da Windows 10 ta fito, ta zo wa mutane da wasan Candy Crush Saga ko sun so ko sun ƙi.

Mai karatu na iya cewa, to mene ne abin damuwa a kan 'yan tambura? Ai sai a kau da kai. Da a ce suna zaune ne shiru, da na yarda. Matsalar ita ce da yawansu suna tashi ne tare da kwamfutar, su ci gaba da aiki a ɓoye. Kwamfutar da ɗalibi ke iya saya galibi ƙwaƙwalwar aikinta gigabait 4 ce, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata ita kaɗai. Idan manhajoji goma suka raba wannan ɗan wuri, sai ka danna Word ka tafi ka ɗebo ruwa ka dawo ba ta buɗe ba. Suna shan batir, a garin da ba kullum ake samun wuta ba. Uwa uba suna shan data, domin kowacce na sabunta kanta tana kuma jawo talla, mu kuwa da hosfot ɗin waya muke haɗa kwamfuta da intanet. Idan ba a manta ba, a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mai intanet marar iyaka a Landan ba zai ji wannan ciwo ba. Ɗalibin Gidan Waya da ke sayen data ta kwana ɗaya shi ne zai ji.

Idan cushe ya zama ɓarawo

Nauyi da shan data ƙaramin laifi ne idan aka kwatanta da abin da ya faru da kamfanin Lenovo. Daga 2014 zuwa farkon 2015, kamfanin ya sayar da kwamfutocin tafi-da-gidanka masu ɗauke da wata manhajar talla ta kamfanin Superfish. Aikinta shi ne ta leƙa shafukan da mutum ke buɗewa domin ta cusa masa tallan kaya. Domin ta iya leƙa har shafukan da ke kulle, irin na banki da na imel, sai ta dasa tata takardar shaidar tsaro a cikin kwamfutar, ta zama kamar ɗan aiken da ke buɗe wasiƙarka ya karanta sannan ya sake liƙewa. Abin da ya fi muni, mabuɗin wannan takarda iri ɗaya ne a duk kwamfutocin, kuma da asirin ya tonu a watan Fabrairun 2015, masana tsaro sun fasa kalmar sirrinsa cikin ɗan lokaci. Ma'ana, duk ɓarawon da ya samu mabuɗin yana iya yin shigar banki ya yaudari mai kwamfutar. A Satumban 2017 kamfanin ya sasanta da hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, ya kuma biya jihohi 32 na ƙasar dala miliyan 3.5.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Amurka ne. Wayar da ke aljihunmu ita ma kwamfuta ce, kuma a kanta aka samu misalin da ya fi kusa da mu. Duk wanda ya shiga shagon waya a Kafanchan ko Zonkwa ya san Tecno da itel da Infinix, waɗanda duka na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. A watan Agustan 2020, sashen yaƙi da zamba na kamfanin Upstream mai suna Secure-D ya fitar da rahoton cewa ya gano mugayen manhajoji biyu, Triada da xHelper, a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a Habasha da Masar da Ghana da Afirka ta Kudu da maƙwabciyarmu Kamaru. Rahoton ya ce wayoyin sun zo da cutar ne tun daga kwali, kuma abin da take yi shi ne ta yi ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar ayyukan da ake cire kuɗinsu daga katin waya ba da saninsa ba. Kamfanin Transsion ya ɗora laifin a kan wani daga cikin masu kawo masa kayan haɗi, ya ce kuma ya riga ya fitar da gyara. Ko ma wane ne ya dasa, wanda katinsa ke ƙarewa shi ne mai ƙaramin ƙarfin da ya sayi waya mai araha. Tun a Janairun 2020 ne, kafin wannan rahoto, ƙungiyar Privacy International da wasu ƙungiyoyi fiye da 50 suka rubuta wa Google buɗaɗɗiyar wasiƙa, suna neman a ba masu wayoyin Android damar cire irin waɗannan manhajoji kwata-kwata.

Cushen gida

Wani hanzari ba gudu ba. Mu nawa ne muke sayen kwamfuta sabuwa fil a kwali? Mafi yawanmu ta hannu muke saya, wadda ake kira tokumbo, wadda ta sauka a Legas ta bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja kafin ta hau mota zuwa Arewa. Irin wannan kwamfuta cushen masana'anta ya daɗe da barinta, domin an yi mata fomatin. Cushen da ke cikinta na gida ne, daga filash ɗin mai shago ya fito, kuma a ganina ya fi na Turawa haɗari.

Kowa ya san yadda abin yake. Mai gyara na da filash guda da yake sokawa a kowace kwamfuta, ya zuba mata duk abin da ke ciki: burauza uku, manhajar kallon fim biyu, wasanni, manhajar da ake cewa tana ƙara sauri, sannan rigakafin bairos biyu ko uku a lokaci guda. Rigakafi biyu a kwamfuta ɗaya kuwa kamar kishiyoyi ne a ɗaki ɗaya, kowacce na zargin 'yar'uwarta, aikin gida ya tsaya. Alhali tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, Windows na zuwa da nata rigakafin mai suna Defender, wanda ya ishi ɗalibi. Kuma kyautar rigakafin waje ba kullum take zama kyauta ba. A Fabrairun 2024 hukumar kasuwancin nan ta Amurka ta sanar da cewa kamfanin Avast zai biya dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta. Wanda aka ɗauka gadi shi ne ke kai rahoton gida kasuwa.

Sai kuma babbar matsalar, wato 'yar manhajar da ake sakawa domin ta yaudari Windows ko Office su ɗauka an biya kuɗin lasisi. Kafin ta zauna, mai gyara kan kashe rigakafin kwamfutar, domin idan yana kunne zai kama ta. Sau da yawa kuma ba a sake kunna shi. Babu wanda ya san hannu nawa wannan manhaja ta bi kafin ta iso filash ɗin, balle abin da aka liƙa mata a hanya. A cikin wannan kwamfuta ce ɗalibi zai buɗe imel ɗinsa, ya biya kuɗin makaranta, ya ajiye aikin shekara guda.

Duk da haka ba zan ɗora wa masu shago laifin duka ba, domin mu ne muke nema. Mu ne ke cewa, "Oga, a cika min ita da komai da komai." Idan mai shago ya miƙo kwamfuta fes da tambura huɗu kacal, sai mai saye ya ga kamar an cuce shi, ya tafi shagon gaba inda za a cika masa fuskar kwamfuta har babu masaka tsinke. Akwai kuma uzuri na gaskiya: wanda ba shi da kuɗin datar da zai sauke Office ko manhajar karanta littattafai, taimako aka yi masa da aka zuba masa. Haka nan ba duk abin da ya zo da na'ura ne shara ba. Akwai masu jin daɗin Boomplay da ke zuwa a wayoyin Tecno, domin a nan suke sauraren waƙoƙin Hausa da na coci. Su ma kamfanoni suna da hujjar cewa kuɗin cushe na rage wa mai saye farashi. Na ji duk wannan. Abin da nake cewa shi ne, a faɗa wa mutum abin da aka zuba masa, kuma a bar masa ƙofar cirewa. Manhajar da ta zo ba gayyata, ta kuma ƙi fita, ta wuce matsayin baƙuwa.

Wasu ƙasashe sun riga sun mayar da wannan ƙa'ida. Tun 2014 Koriya ta Kudu ta umarci kamfanoni da su bar masu waya su iya goge yawancin manhajojin da suka zo da ita. Ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawan wayoyinmu, ta tsaurara tata ƙa'idar daga 1 ga Janairun 2023, ta yadda in ban da manhajojin da waya ba ta aiki sai da su, dole sauran su ciru. A Tarayyar Turai, dokar kasuwannin zamani ta sa daga 2024 Microsoft ya bar mutanen can su cire burauzar Edge. Mu ma muna da hukumomin da za su iya. Akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokarta ta samu sa hannu a farkon 2019, kuma ta nuna tana da haƙora lokacin da ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023. Akwai NCC da ke tantance kowane samfurin waya kafin a amince a sayar da shi. Me zai hana a sa wa mai shigo da waya sharaɗin da Sin ta sa wa masu sayarwa a cikin gidanta?

Yadda za a sallame su

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da kowa zai iya yi da hannunsa cikin awa guda. Da farko a kwafe duk wani aiki mai muhimmanci zuwa filash ko imel, musamman babukan kundi. Daga nan a shiga setin na Windows, a buɗe sashen manhajoji, a bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Wasanni, rigakafin gwaji, masu alƙawarin ƙara sauri ko share datti, da burauzar da ba a amfani da ita, duk a cire. Idan an cire rigakafin waje, a tabbatar Defender ya dawo aiki. Amma a yi hattara: duk abin da ke ɗauke da sunan Intel ko AMD ko Realtek ko Microsoft Visual C++ a bar shi, domin su ne ke tafiyar da sauti da hoto da wasu manhajojin. Wanda ba a gane ba, a tambaya kafin a taɓa.

Bayan haka a danna Ctrl da Shift da Esc tare. Taga za ta buɗe mai nuna ayyukan da kwamfuta ke yi, a cikinta akwai sashen manhajojin da ke tashi da zarar an kunna na'ura. A kashe duk wanda ba dole ba. Wannan kaɗai kan sauya tafiyar tsohuwar kwamfuta. Sannan a shiga setin na intanet a nuna wa Windows cewa hosfot ɗin nan datarsa a ƙirge take, domin ta rage sauke-sauken da take yi a ɓoye. Wanda kwamfutarsa ta cushe ƙwarai, Windows 10 da 11 na da hanyar mayar da na'ura sabuwa tare da barin fayilolin mutum. Sai dai a tuna cewa Microsoft ya daina tallafin da ya saba ba Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, saboda haka mai shirin sayen tokumbo ya tambaya ko za ta ɗauki Windows 11. Mai gudun Office na sata kuwa, akwai LibreOffice, kyauta ce ta halal, kuma tana buɗe fayilolin Word.

A waya abin ya fi sauƙi kuma ya fi ban haushi. A danne tambarin manhaja na ɗan lokaci, idan zaɓin cirewa ya fito a cire. Idan bai fito ba, a shiga bayananta a dakatar da ita, ko a hana ta shan data a ɓoye, a kuma kashe mata sanarwa. Ban ba da shawarar a kai waya a fasa mata tsarin ciki ba, domin wasu manhajojin banki kan ƙi aiki a irin wannan waya. Wanda ya ga katinsa na raguwa ba dalili ya fara kai ƙara wurin kamfanin layinsa, idan ba a share masa hawaye ba ya kira 622, layin ƙorafi na NCC. Saƙonnin talla kuwa ana tsayar da su ta hanyar tura kalmar STOP zuwa 2442.

Abin da ya kamata a ce mun tarar

Akwai wani ɓangare na wannan magana da ya shafe mu fiye da ɗaliban kowane sashe. Kwamfutar da ta zo da wasanni shida da burauza uku, idan ka zauna rubuta "ƙasa" sai ta ba ka "kasa", ka nemi "ɓata" ta ba ka "bata", ka nemi "ɗaki" ta ba ka "daki". Kowa a cikinmu ya ga kundin da aka bi da biro ana lanƙwasa wa haruffa kai bayan an buga. Magabatanmu sun sha wannan wahala har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon haruffa na musamman masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Aikin ya taimaka ƙwarai a zamaninsa, sai dai idan aka kai fayil kwamfutar da ba ta da wannan salo, rubutun kan rikice.

Abin mamaki shi ne, tun daga Windows 7 akwai allon rubutun Hausa a cikin Windows, yana kwance babu mai tayar da shi. A setin na harshe ake ƙara shi, ba a biyan ko kwabo, kuma haruffan da yake fitarwa suna zama daidai a kowace kwamfuta aka kai su. A waya ma Gboard na da Hausa. Ban taɓa jin mai saye ya ce wa mai shago ya kunna masa wannan ba, shi ma mai shagon ba ya cikin lissafinsa. Ga irinmu da muka koyi Hausa a kasuwa da makaranta bayan harshen gida, rashin waɗannan haruffa ya fi yi mana illa, domin wanda ya tashi da harshen yana iya gane "kasa" daga "ƙasa" ta ma'anar jimla, mai koyo kuwa abin da ya gani a rubuce shi zai furta. Harsunan yankinmu ma suna da tasu buƙatar. Tyap, wadda ta samu nata Wikipedia a 2022, tana amfani da wasula masu layi a ƙasa, kuma manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda kyauta ce, an yi ta ne domin irin waɗannan harsuna.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da su ware rana guda a farkon kowane zango, kowa ya zo da kwamfutarsa da wayarsa, a gayyato biyu ko uku daga cikin 'yan sashen kimiyyar kwamfuta, a cire abin cirewa, a kunna allon Hausa. Malaman da ke duba kundi kuma su daina karɓar babin da aka lanƙwasa wa haruffa da biro. Aji ɗaya mai soket da janareta na awa uku ya isa a yi wa 'yan aji uku da aji huɗu wannan aiki kafin a fara rubuta babi na ɗaya.